Yadda ake ɗora bututun hayaƙi da na shan iska ga fanes mai aiki da gas

Na daɗe ina aikin ɗumama gidaje a lardin Ontario na Kanada, kuma mafi yawan kiran gaggawar da ke tayar da ni tsakar dare a watan Janairu, idan na je sai in tarar injin lafiyarsa lau, bututu ne aka ɗora da ka. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wa ƙannenmu da suka shigo sana'ar kwanan nan yadda nake yin aikin tun daga farko har ƙarshe.

Fanes shi ne injin da ke ƙona gas yana hura iska mai ɗumi cikin gida, yawanci a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake girke shi. Kafin komai: a nan ba a taɓa kayan gas sai da lasisi. A Ontario hukumar TSSA ce ke bayarwa, mai lasisin G3, wato matakin farko, yana aiki ne a ƙarƙashin mai lasisin G2 ko G1. A Amurka kuma kowace jiha da nata tsarin, kuma galibi sai an karɓi izini, sufeto ya zo ya duba. Saboda haka wannan bayani na ɗan koyo ne mai aiki gaban maigidansa. Idan kai mai gida ne, karanta don ka san abin da za ka duba a aikin da aka yi maka, amma kada ka ɗauki zarto.

Abin da ya kamata ka fahimta kaɗan ne. Tsohon fanes mai ingancin kashi 80 hayaƙinsa da zafi yake fita, bututun ƙarfe yake so, kuma haramun ne a sa masa roba. Sabon kuwa, mai kashi 90 zuwa sama, wanda shi ake sayarwa a Kanada tun ƙarshen 2009, yana tsotse zafin hayaƙin har ya koma ɗumi-ɗumi, tururin da ke ciki ya zama ruwa mai tsami. Irin wannan hayaƙi ba ya iya tashi da kansa, wata ƙaramar fanka ce ke tura shi. Wato cikin bututun akwai matsi, duk inda aka bar kafa, hayaƙi cikin gida zai fito. A cikinsa kuma ana iya samun kabon monoksaid, iskar nan marar wari marar launi da ke kashe iyalai a gida Najeriya idan an kwana da janareta a cikin ɗaki. Don haka bututun yana da aiki biyu a lokaci guda: hayaƙi ya fita waje, ruwa ya gangaro baya zuwa injin. Bututu na biyu kuma shi ke kawo iskar da wuta za ta ci daga waje.

Kayan aiki

Tef na awo, alƙalamin maka, da filam, wato ma'aunin magina mai ɗigon ruwa. Zarto mai ƙananan haƙora ko almakashin yankan fayif, da magagari ko wuƙar gyaran baki. Injin huda bango da bakinsa mai zagaye: fayif mai inci 2 faɗinsa ta waje inci 2 da uku bisa takwas ne, mai inci 3 kuma inci 3 da rabi, sai ka zaɓi baki da ya ɗan fi haka. Marataya, silikon na waje, tsumma, safar hannu, tabarau, tsani. Sai na'urar gwajin hayaƙi da ƙaramin ma'aunin kabon monoksaid da za ka maƙala a aljihu.

Fayif ɗin kansa shi ne inda ake yawan cutar mutane. A Kanada tun 2007 dole bututun hayaƙi na roba ya kasance mai hatimin ULC S636. Wanda aka fi samu a shago shi ne System 636: farin na PVC ne, yana jure zafi har digiri 65 a ma'aunin Salsiyas, ruwan tokan na CPVC ne, har digiri 90. Fayif, gwiwa (lanƙwasasshen mahaɗin fayif), firaima (ruwan da ake shafawa kafin gam) da gam duk su zama na kamfani ɗaya, ba a gauraya. A Amurka littattafai da yawa sun yarda da PVC mai kauri na Schedule 40, amma mai tauri har ciki. Akwai wani mai araha, idan ka yanka ka duba bakinsa za ka ga tsakiyarsa kamar soso. Na magudanar ruwa ne, kada ka kusance shi. Araha ba ta ado. Idan gam ɗin ya yi kauri kamar koko ya kwana, jefar da shi, ba a tsinka shi da komai.

1. Buɗe littafin injin

Kowane fanes yana zuwa da littafinsa a cikin leda, kuma abin da ke ciki ya fi duk abin da zan faɗa maka ƙarfi. Inda littafi da dokar gari suka saɓa, bi wanda ya fi tsanani. Dokar a Kanada ita ce CSA B149.1, a Amurka NFPA 54. Duba allon da ke jikin injin ka rubuta ƙarfinsa na BTU, wato ma'aunin yawan zafi. Sannan ka nemo shafi uku: jadawalin tsawon bututu, zanen tazarar bakin waje, da zanen tarkon ruwa, wato ɗan akwatin da ke riƙe ruwa don kada hayaƙi ya bi hanyar magudana.

2. Fita waje kafin ka yanka komai

Sabon shiga yakan fara daga jikin injin yana haɗa fayif yana tafiya, sai ya isa bango ya tarar bayan bangon mitar gas ce ko tagar ɗakin yara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zagaya gidan tukuna, ka zaɓi inda bututun zai leƙo, sannan ka koma ciki ka nemi hanyar da za ta kai ka can.

Ga tazarar da nake riƙe da ita a ka, ga fanes mai bututu biyu. Bakin ya kasance aƙalla inci 12 sama da ƙasa, kuma sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa a wannan gari. Wannan na biyun shi ake mantawa, musamman idan a watan Yuli ake aikin, ciyawa kore shar. Tambayi mai gidan inda iska ke tara ƙanƙara da inda yake zuba wadda ya kwashe daga hanyar mota. A guguwar da ta afka wa Buffalo da kewaye a Disambar 2022, an rasa wani matashi a gundumar Niagara bayan ƙanƙara ta toshe bututun fanes ɗin gidan.

Daga taga ko ƙofar da ake buɗewa: a Kanada inci 12 ga injin da bai wuce BTU 100,000 ba, inci 36 idan ya wuce. A Amurka inci 9 ga mai BTU 10,000 zuwa 50,000, inci 12 ga wanda ya ɗara haka. Daga bakin na'urar da ke zuƙo iska cikin gida da fanka: ƙafa 6 a Kanada, a Amurka kuma ƙafa 3 a samanta idan tana cikin ƙafa 10. Daga mashaƙar regileta ta mitar gas ka bar ƙafa 3. Idan hanyar jama'a ce a ƙasa, ƙafa 7 sama da ita. A tsofaffin unguwannin Toronto inda gida biyu ke raba hanyar mota guda a tsakaninsu, ba a yarda bututun ya zubo kan wannan hanya ba, domin ruwan da ke ɗiga zai daskare wani ya zame.

Akwai kuma abin da doka ba lallai ta hana ba amma ni ba na yi. Ba na sa shi a lungun da bango biyu suka haɗu, iska na kewayawa a wurin ta mayar da hayaƙi cikin bututun shan iska. Ba na sa shi kusa da bakin injin busar da kaya, audugar da yake fesowa za ta toshe maka. Ba na sa shi saman injin sanyaya ɗaki na waje, ruwan tsamin zai cinye shi. Idan da hali ina kauce wa bangon da iskar hunturu ke duka kai tsaye. Kuma bututun biyu su fito ta bango ɗaya, kusa da juna. In ɗaya ya fita gabas ɗaya yamma, ranar da iska ta taso injin zai yi ta mutuwa.

3. Lissafa tsawo ka zaɓi kauri

Fankar nan ƙarama ce, akwai iyakar nisan da za ta iya tura hayaƙi. Kowace gwiwa tana cin ƙarfinta kamar an ƙara wasu ƙafafu na miƙaƙƙen fayif. Littattafai da yawa suna lissafa gwiwar digiri 90 mai faɗin lanƙwasa a ƙafa 5, mai kaifin lanƙwasa kuwa tana iya kaiwa 10, ta digiri 45 rabin haka. Misali: miƙaƙƙen fayif ƙafa 22, gwiwa huɗu a ƙafa biyar-biyar, ya zama 42. Idan jadawalin injinka ya ce inci 2 iyakarsa ƙafa 40, to ka haura, sai inci 3. Ka lissafa na hayaƙi daban, na iska daban, ka yi aiki da wanda ya fi tsawo. Duba kuma ko gwiwoyin bakin waje suna cikin lissafi, kamfanoni sun bambanta a nan. Akwai mafi ƙarancin tsawo ma, kuma a gari mai tudu irin Calgary ko Denver adadin jadawalin yana raguwa.

Idan za ka tashi daga inci 2 zuwa 3, yi canjin a sashen da ke tsaye, kusa da injin. In ka yi shi a kwance, ruwa zai taru a gindin mahaɗin.

4. Huda bango

Fara da siririn rami daga ciki, bayan ka laluba ka tabbata babu waya ko fayif ɗin ruwa a wurin. Fita ka ga inda ya ɓullo, ka sake auna tazararka. Sannan ka faɗaɗa daga waje, don kada fuskar bulo ta ɓalle. Kada ka taɓa sassaƙe katakon da ke ɗauke da daɓen bene don fayif ya wuce, canza hanya.

5. Yanka, gyara baki, gwada ba gam

Yanka ya zama a miƙe sak. Ka kankare zaren robar da ya rage a ciki, ka ɗan fiƙe gefen waje da magagari don kada kaifin ya share gam lokacin shiga. Girgiza fayif ɗin garin ya zube. Na taɓa ciro garin roba cike da tafin hannu daga cikin tarkon ruwan wani sabon inji.

Haɗa duka layin ba gam, ka ja layi da maka a kan kowace mahaɗa, ka sa lamba. Amma ka sani fayif busasshe ba ya shiga har ƙarshen gwiwa, yana tsayawa wajen kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku. Da gam kuwa zai zurma har gindi. In ka yi awo da yadda ya tsaya a bushe, layinka zai gajarce da inci biyu ko uku ka rasa dalili. Auna zurfin bakin gwiwar da tef ka sa a lissafi.

6. Gangare da rataya

A nan nake so ka fi natsuwa. Duk sashen bututun hayaƙi da ke kwance dole ya gangaro zuwa wajen injin da aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa. Ƙafa 20 ke nan inci 5. Bakin bango shi ne sama, injin shi ne ƙasa. Mai aikin famfo da ya saba tura ruwa waje yakan juya abin, sai ruwa ya riƙa ɗiga a waje, ya daskare, ya rufe bakin.

Dabarar da nake yi: in manna ɗan katako mai kaurin rabin inci a ƙarshen filam mai ƙafa 2. Idan na ɗora shi kan fayif, katakon yana ɓangaren injin, ɗigon ruwa ya zauna tsakiya, to gangaren ya yi.

Marataya kuma kada ka yi rowarsu. Sa su a tazarar da littafi ya ce, yawanci tsakanin ƙafa 3 zuwa 5, da ɗaya kusa da kowace gwiwa. Kada ka matse su ƙam, roba tana miƙewa idan ta ji ɗumi. Wata shekara aka kira ni wani gida wajen ƙarfe biyun dare, uwa da yara sun naɗe cikin bargo a falo, injin ya kama ya mutu, ya kama ya mutu. Har wani ya zo ya canza musu makunnin matsi, wanda ke kashe injin idan hayaƙi bai samu hanya ba, sau biyu. Na sauka ƙasa na kashe fitilar waya na saurara, sai na ji ɓul-ɓul a saman kaina kamar ana shan shisha. Fayif ƙafa goma sha biyu ne aka rataye da igiyar roba guda ɗaya, tsakiyarsa ya yi ciki, ruwa ya kwanta. Da na yanke shi ruwan ya cika ƙaramin bokiti. Makunnin nan aikinsa yake yi, shi ya hana injin ci gaba da ƙona gas alhali hayaƙi ba ya fita. Duk wanda ya ce maka a haɗe wayoyinsa a tsallake shi, ka rabu da shi.

Inda bututu zai bi ta wuri marar ɗumi, kamar gareji ko cikin rufi, naɗe shi da soson rufe fayif kamar yadda littafi ya nuna, don ruwan kada ya daskare a hanya.

7. Sa gam

Buɗe taga, kashe duk wata wuta da ke kusa, har ƙaramar wutar tukunyar ruwan zafi, domin tururin gam yana kamawa. Goge bakin biyu su bushe. Shafa firaima cikin gwiwa da bayan fayif. Tun bai bushe ba ka shafa gam sosai a bayan fayif, kaɗan a cikin gwiwa. Tura har gindi kana murɗawa kwatan zagaye, layin makarka ya haɗu. Riƙe daƙiƙa 30, in ka saki da wuri zai turo kansa waje. Ya kamata ka ga zoben gam ya kewaye bakin ba yankewa. In akwai giɓi, yanke ka sake, ba a toshe shi da silikon ko salatif. Goge abin da ya malalo. Cikin sanyi gam ya fi daɗewa kafin ya kama, sauri kuwa ya haifi nawa. Kuma ba a gwada fayif ɗin roba da iskar kwamfuresa, yana iya fashewa.

Idan fayif ɗin polifurofilin aka ba ka, shi ba a sa masa gam sam, zoben roba da maƙalai gare shi.

8. Haɗi da injin da tarkon ruwa

Wasu injina da robar haɗi mai zoben ɗauri suke zuwa, wasu gam ake sa wa. Bi zanen. Nauyin bututun kada ya sauka kan fankar. Tarkon ruwa kuma wurinsa yana canzawa gwargwadon yadda aka girke injin, a tsaye ko a kwance. Zuba masa ruwa ya cika kafin ka kunna. Ni kaina a shekarata ta farko na manta da wannan, na yi awa guda ina neman laifi a wayoyi, maigidana yana zaune kan bokiti yana shan shayi bai ce min uffan ba, sai da na gaji ya miƙo min gorar ruwa.

Ja siririn fayif na roba daga tarkon zuwa magudana, shi ma da gangare. Babban inji yana iya zubar da kusan galan guda a awa. Ruwan yana cin jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, don haka in magudanar ta ƙarfe ce sa ɗan akwatin duwatsun farar ƙasa da ke kashe tsamin. In babu magudana kusa, akwai ƙaramin famfo mai tura shi sama.

9. Bakin waje

Na shan iska ya lanƙwasa ya kalli ƙasa. Na hayaƙi ya fi shi tsawo, galibi da inci 12, ya feso nesa da bango. Idan ramin ya yi ƙasa da yawa, ɗaga su da gwiwa biyu su hau jikin bango, ka naɗe abin da ke waje in littafi ya buƙata. Inda wuri ya yi ƙunci akwai haɗaɗɗen baki mai fayif cikin fayif, rami ɗaya ya isa, amma sai wanda kamfanin injin ya amince da shi. Kada ka sa ragar sauro a baki don tsoron tsuntsu, raɓa za ta daskare a kanta cikin dare ɗaya. Toshe kewayen ramin da silikon ciki da waje.

In bango ya gagara gaba ɗaya, ana fita ta rufi. Ana ma iya zura fayif ɗin ta cikin tsohuwar cimni, wato doguwar mafitar hayaƙi da ke fita ta saman rufi, da sharaɗin babu wani abu da ke zuba hayaƙi a cikinta.

Wani lokaci kuma bututun iska ne ba shi da hanya, sai a bar injin ya sha iskar cikin gida, idan littafinsa ya yarda. Ba na son haka. Gas yana cin iska kusan ninki goma na yawansa. Ƙa'idar Amurka ita ce cikin ɗaki ya kai ƙafa 50, idan an ninka tsawo da faɗi da tsayi, ga kowace BTU 1,000, wato inji mai 80,000 yana son 4,000, alhali ɗaki mai ƙafa 10 da 12 da tsayi 8 bai wuce 960 ba. Dole a buɗe masa kafofi. Ga kuma tururin bilic, sabulun wanki, fenti da man gyaran gashi, in suka bi ta cikin wuta suna cinye ƙarfen injin. A wannan tsari tazarar taga ma tana ƙaruwa, a Amurka ƙafa 4 ta gefe ko ta ƙasa.

10. Waiwayi tsohuwar cimni

Idan tsohon fanes da tukunyar ruwan zafi cimni ɗaya suke bi, yanzu tukunyar ta zama marainiya. Hayaƙinta kaɗai ba zai iya ɗumama wannan babban rami ba, sai ya dawo cikin gida. Toshe ramin tsohon injin. Rufe ƙofofi da tagogi, kunna fankar kicin da ta banɗaki da injin busar da kaya, ka kunna tukunyar. Bayan minti biyar kai ɗan hayaƙi ko madubi bakin hularta, wato murfin da ke saman tukunyar inda hayaƙi ke shiga bututu. In hayaƙin ya turo waje ko madubin ya yi raɓa, sai an zura wa cimnin sabon bututun ƙarfe daidai ƙarfin tukunyar kafin ka bar gidan.

11. Kunna ka gwada

Bar injin ya yi aƙalla minti goma sha biyar. Bi kowace mahaɗa da hannu da ido, ka nemi danshi. Saurari bututun. Duba ruwa yana sauka a magudana. Auna hayaƙin da na'ura: iyakar kabon monoksaid da ƙa'ida ta sa ita ce 400 cikin miliyan, amma sabon inji da aka ɗora daidai bai kamata ya kusanci 100 ba, in ya haura haka ina tsayawa in bincika. Fita waje ka ga inda farin tururin ke nufa, kada ya zama yana lanƙwasowa cikin bakin iska. Zagaya gidan da ma'aunin aljihunka.

Daga nan duba ƙararrawar kabon monoksaid. A Ontario ta zama dole kusa da ɗakunan kwana tun 2014, bayan rasuwar wasu mutum huɗu 'yan gida ɗaya a garin Woodstock a 2008 sanadin toshewar bututun murhun gas. Danna maɓallinta a gaban mai gidan ya ji ƙararta, ka duba ranar ƙarewarta a bayanta. Sai ka sa shi ya saka takalmi ku fita tare, ka nuna masa bakin bututun biyu da yatsa, ka ce duk safiyar da aka yi ƙanƙara ya zo nan ya share kafin ya share motarsa. Littafin kuma ka mayar da shi cikin ledarsa ka maƙale a jikin injin, da lissafin tsawon da ka yi a rubuce a bangon baya.